Minti Biyar na Shiru

Da mijin Khairiyya ya rasu, ni ina Jega, ita tana Malesiya. Autata ce. Karatu ya kai su can tare, shi Zaharaddeen yana nazarin kwamfuta, ita tana koyon haɗa magunguna, sai zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke shi. Can aka rufe shi. Ta shiga takaba a wani ɗaki a saman bene, cikin mutanen da ko sunanta ba su iya faɗa daidai ba.

Matan unguwa sun zo mini gaisuwa, kowace da fatawarta. Wata ta ce dole ta zauna inda ya bar ta, wata ta ce dole a dawo da ita gida. Na tambayi ta biyun wa zai warware takardun makaranta da na fita, ta ce Allah zai kawo hanya. Na tsufa ina koyar da lissafi a sakandare, kuma abin da na fi koya a aikin shi ne mutum ya fi ɗaga murya a kan abin da bai taɓa gwadawa ba. Khairiyya dai ta zauna can. Ni kuma ciwon gwiwa da rashin fasfo suka zaunar da ni nan.

Ba nisan ne kaɗai ya dame ni ba. A wurinmu ba a barin mai takaba ita kaɗai, kuma ba a cika ta da surutu. Uwa ko yaya takan shimfiɗa tabarma kusa da ita, ta kawo tsintar shinkafarta, ta zauna. In mai takabar ta yi magana a amsa mata, in ta yi kuka a ƙyale ta, in ta yi shiru a yi shirun tare. Haka yayata ta yi mini lokacin da mijina Malam ya rasu, kuma ban tuna kalma ɗaya da ta faɗa ba, zamanta nake tunawa. Na yi gardama da al'adu da yawa a rayuwata, wannan kam ban taɓa samun ta da kuskure ba. Waya ba ta iya wannan aiki. In kin yi shiru a waya sai ɗayan ya hau tambayar ko kina jin sa, kati kuma yana ta ƙonewa.

Tun yana raye Zaharaddeen ya haɗa mana wata 'yar manhajar hira, don ya san irin layin da muke da shi a gida. Farar taga ce, ba hoto ba ado. Sunayenmu suna gefe, wanda yake nan sai ɗigo kore ya tsaya kusa da sunansa. Ya taɓa yi mini alfahari cewa ba ta aika komai sai abin da mutum ya rubuta da hannunsa, ba ta cin layi a banza. Na yaba masa da tattalin a lokacin.

Da wannan tagar na fara zaman takaba. Kowace safiya in hantsi ya ɗaga sai in ɗauki faifaina da shinkafa in tafi kafen intanet na Sabi'u, bayan tashar mota. Sabi'u ɗalibina ne tun yana aji uku, yanzu ga shi da gemu da 'ya'ya, amma har gobe in ya gan ni sai ya gyara tsayuwa. Ya ware mini kwamfutar ƙurya, ya sa labule. Hantsinmu shi ne yammacin Khairiyya, don haka nakan raka ta har ta wuce magariba, lokacin da ya fi yi wa mai takaba nauyi. Mu gaisa, ta ce ta ci abinci, in yi kamar na yarda, sai mu yi shiru. Ina tsinta, ɗigonta yana kore. Can sai ta rubuta layi ɗaya, in amsa da layi ɗaya. In an kira azahar sai in yi mata sallama.

A shekarun nan ne aka buɗe jami'a a Aliero, sai Sabi'u ya faɗaɗa. Ya kafa dogon ƙarfe a kan rufi, ya miƙa layi ta iska zuwa wani shago a Aliero, ya sa Arzika ya kula da shi saboda ɗalibai da fataken albasa. Ya miƙa wani zuwa Maiyama, wurin Magaji. Farantin da ke kallon tauraron ɗan'adam kuwa ɗaya ne, a Jega, kuma duk abin da zai fita ko ya shigo sai ya bi ta cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ɗakin baya. Sabi'u na ce mata saba. Ni mai gadi nake ce mata.

Sai mai gadi ya fara shaƙewa. Da safe lafiya lau, rana na yin tsaka sai shafuka su ƙi buɗewa a shagunan nan uku. Sabi'u ya kashe ya kunna, a sami kwana ɗaya ko biyu, abin ya dawo. Masu jira suka yi ta bayani. Wani ya ce hadarin bazara ne, wani ya ce tauraron ne ya gusa, wani dillalin albasa ya ce a tona bakin ƙofa a gani, ba a rasa abin da aka binne. Ana cikin haka, wata safiya na tarar da Sabi'u yana dariya da kowa. Ya ce ya gano bakin zaren, ya gyara. Ban tambaye shi me ya yi ba. Ba shagona ba ne.

Kwanakin da suka biyo baya na ɗauka su ne mafiya kyau a zamanmu. Mu gaisa, Khairiyya ta yi shiru, shirun ya miƙe har azahar ba ta ce komai ba. Ɗigonta kore shar. Na ce a raina yarinyar nan ta sami natsuwa, ta san ina nan, ba ta buƙatar ta yi ta dubawa. In na rubuta sallama sai tagar ta ce layi ya yanke, amma yankewar layi ba baƙon abu ba ne a Jega. Nakan tattara faifaina in koma gida da sanyin zuciya.

Daga nan sai ta canza. Ta fara magana, ba tsayawa. Ta ba ni labarin kifin da ake sayarwa a ƙasan benensu, da kyanwar maƙwabciyarta, da na'urar hawa bene da ta lalace, da yadda suke dafa shinkafa da madarar kwakwa. Kafin in gama karanta layi ɗaya wani ya sauko. In labari ya ƙare sai ta koma kan kifin. Na faɗa wa wata maƙwabciyata, ta ce in gode wa Allah, ai ta warware ke nan. Ban yarda ba. Khairiyya ce fa, wadda tana ƙarama za mu tashi daga Jega har Sakkwato a mota ba ta ce uffan ba. Wadda ba ta yi surutu ranar aurenta ba, ba za ta fara shi a takaba don daɗi ba. Na fara tsoron ko kanta ne ya taɓu, ita kaɗai a ɗaki.

Ranar da ta kawo labarin kyanwar karo na uku, na ajiye faifai na rubuta mata.

"Auta, wagga magana duk ta mi ce?"

Sai amsa ta zo.

"Inna, in na yi shiru tashi kike yi."

Na ce ban taɓa tashi ba sai an kira salla. Sai ta bayyana mini. Takan yi shiru, can abu ya taso mata a ƙirji ta rubuto mini, rubutun ya tsaya bai tafi ba, sai ta ga ɗigona ya dushe. Haka kullum. Ta ɗauka gajiya nake yi, ga gwiwa ga hayaniyar shago, kuma ta ce ba ta ga laifina ba. Amma ta lura in ba ta bar tazara mai tsawo ba ina zama. Shi ya sa take neman abin faɗa tun da safe, tana tara shi, don ya ishe ta har magariba.

Na dubi ɗigonta kore, na tuna kwanakin nan da na zauna ina tsinta ina jin daɗin natsuwarta. Ashe ni kaɗai nake zaune a bayan labule, ita kuma ita kaɗai a can. Na tambaye ta me ta rubuto a waɗancan ranakun. Ta ce ta manta.

Da na kai wa Sabi'u maganar, ya ce daga can ne, ƙasashen nan ruwa ya yi musu yawa. Na ce to. Na ce ko daga can ne ko daga nan, zan so in gani da idona, ya ba ni kwamfuta biyu da la'asar in mutane sun ragu. Muna buƙatar suna na biyu. Ya ce ga na marigayi nan, na ce kada ya kuskura, in yarinyar ta farka ta ga ɗigon mijinta ya yi kore wa zai ɗauki alhakin? Muka yi amfani da sunan ɗana Usmanu da ke aiki a Fatakwal, wanda tun da aka buɗe masa bai taɓa shiga ba.

Na cire agogona na ajiye a tebur. Muka yi shirun minti biyu, Sabi'u ya rubuto daga waccan, ya iso. Muka yi na huɗu, ya iso. Muka yi na shida, bai iso ba, kuma a tawa tagar ɗigon Usmanu yana nan kore kamar ba abin da ya faru. Na ce a sake. Muka sake, haka. Sabi'u ya daɗe yana kallon agogon, sannan ya ce a hankali, daƙiƙa ɗari uku. Ya ce in taso mu shiga ɗakin baya.

Ɗakin zafi kamar tanda, ga fanka ɗaya an juya ta wajen na'urar, ba wajen mutum ba. Baƙin allo ne da fararen haruffa. Sabi'u ya yi mini bayani, kuma na ba shi wannan, ya iya bayani. Ya ce a can cikin tsarin da ke tafiyar da kwamfutar akwai ƙwayar da komai ya dogara da ita, kanel suke ce mata. Ita ce ke riƙe da duk hirar da ta fita daga shagunan uku, ta tuna wa ya fita kuma ina ya nufa, don in amsa ta dawo ta san ta wane ne ta buɗe mata ƙofa. Amma wurin tunawar yana da iyaka. In ya cika, duk sabon da ya zo sai a zubar da shi. Abin da ke shaƙe su ke nan. Su waɗanda suka ƙera ta sun sa ta riƙe hirar da ta yi shiru har kwana biyar kafin ta manta da ita. Shi kuma ya mai da kwana biyar minti biyar, wuri ya samu, kowa ya huta. Wanda ya yi shiru ya wuce haka, an manta da shi. In daga waje aka yi masa magana, mai gadi bai san shi ba.

Sauran manhajojin hira, in ji shi, sukan riƙa ɗan motsi a ɓoye ko mutum bai rubuta komai ba, don haka ba wanda ya yi ƙorafi. Ta Zaharaddeen ce kaɗai ke yin shiru na gaskiya.

Na tambaye shi ina ya samo minti biyar. Ya ce a wani shafi, wani Bature ya rubuta, kuma duk inda ka duba ita ake ba da shawara. Na ce Baturen nan mutum nawa ke bin layinsa, ta waya yake ko ta tauraro, ana ɗauke musu wuta? Bai sani ba. Na ce to duk inda ka duba ɗin, mutum goma ne suka gwada, ko mutum ɗaya ne tara suka kwafa? Ya yi dariya ya ce Malama ba ki canza ba. Na ce ya nuna mini abin da masu ƙerawar suka rubuta da kansu. Ya buɗe. Sunan abin dogo kamar sunan magani, bayaninsa kuma layi ɗaya, wanda bai yi komai ba illa maimaita sunan. Na kusa da shi ma ba a ce komai a kansa ba. Lamba ce kawai zaune, ba a faɗi ko daƙiƙa ce ko bugun cikin na'ura ba. Da ɗalibi ne ya kawo mini amsa haka ba ma'auni, da jan biro ya sha.

Sai na tambayi abin da ya fi damuna, me ya sa wurin ke cika tun farko. Nan ma ya sani. Magaji a Maiyama da ya ji kiran salla sai ya kashe janareta, kwamfutoci na kunne, kowa na tsakiyar abinsa. A Aliero kuma in lokacin ɗalibi ya ƙare sai na'ura ta datse shi. Duk waɗannan hirarrakin sun mutu ba su yi sallama ba, mai gadi kuma yana ta riƙe da su yana jiran su dawo. Ba shi da hanyar bambanta wanda ya tashi ba sallama da wanda ke zaune ya yi shiru.

Sabi'u bai ɓoye mini ba. Ya ce ba zai koma kwana biyar ba. Sakamakon jarrabawar shiga jami'a zai fito mako mai zuwa, samari da 'yan mata za su taso daga ƙauyukan Karaye da Giwa Tazo a kan babura zuwa Maiyama, in layi ya shaƙe haka za su koma ba su gani ba.

"Malama, ki yi haƙuri da abin da zan ce. Ɗiyarki guda ce, su ko suna da yawa."

"Gaskiya ka faɗa. Ni ma ban ce ka koma kwana biyar ba. Tsakanin minti biyar da kwana biyar, lambobi sun ƙare ne?"

Ya ce lambar guda ce ga kowa, ba zai iya ware ni ba. Manhajar ma ba zai iya taɓa ta ba, mai ita ya tafi da saninta. Mafi sauƙi, in ji shi, in riƙa buga ɗigo ɗaya ina aikawa kafin minti biyar su cika. Na ce ya taɓa ganin wadda ta zo zaman takaba tana zungurar mai takabar kowane ɗan lokaci don ta san tana nan? Surutun da na zo in sauke mata ne zan ɗauka in yi da ɗigo.

Haka muka shiga aikin, kullum bayan la'asar. Shi ke da hannu a kan na'ura, ni ke da agogo da gardama. Sharaɗina ɗaya ne, a canza abu guda a lokaci guda. Shi ya fi son ya taɓa uku tare, in abin ya yi kyau ya ce ya gyara, in ya ɓaci bai san wanne ya ɓata ba. Muka fara da faɗaɗa wurin tunawar. Ya ninka lambar girman wurin sosai, sai na'urar ta koma tafiyar jaki a yashi. Kwana biyu ba mu san dalili ba. Shi ya gano, ba ni ba. Ya bar shafukan shawara ya shiga karanta ainihin rubutun da aka gina kanel ɗin da shi, ya tarar da wata 'yar magana da wani ya bari a gefe, cewa akwai lamba ta biyu, ta yawan kwandunan da ake rarraba hirarrakin a ciki. In ka ƙara kaya ba ka ƙara kwanduna ba, neman abu ɗaya sai an zazzage tuli. Ba a rubuta wannan a inda mai nema zai duba ba. Muka ɗaga su tare, kaɗan kaɗan, har inda ƙwaƙwalwar tsohuwar na'urar ta ce ya isa.

Wata rana ya ɗauke ni a mota zuwa Maiyama. Na roƙi Magaji ya riƙa rufe kwamfutoci kafin ya kashe janareta. Ya ce shi ba zai sa salla ta jira kwamfuta ba. Na ce ba wanda ya ce ta jira, lokacin azahar ba ɓoyayye ba ne, ya fara rufewa tun ladan bai hau ba. Ya ce zai duba. Irin zai duban nan na san shi. Washegari muka je Aliero, warin albasar da aka adana a rumfuna ya tare mu tun daga bakin gari. Arzika ya saurare ni da ladabi ƙwarai, ya kawo mini ruwan sanyi, idonsa yana kan Sabi'u yana tambayar wace ce wannan.

Da safe kuwa ina nan bayan labule, Khairiyya tana ta ba ni labarin kifi. Na gaya mata abin da muka gano, ta ce to, ta ci gaba. Ban hana ta ba, don a lokacin in ta yi shiru gaskiyarta ce, rasa ni za ta yi.

Muka ɗaga lokacin shirun zuwa rabin awa, wurin bai cika ba. Muka kai awa ɗaya. Sabi'u ya so mu tsaya nan. Na ce zamana daga hantsi ne zuwa azahar, ba na neman fiye da haka, ba na kuma iya karɓar ƙasa da haka. Ya sa awa uku. Muka gwada da sunan Usmanu, ya riƙe. Amma ranar da muka gwada shago ba kowa, kuma washegari ne sakamakon ya fito.

Da na iso da safe sai da aka buɗa mini hanya. Babura sun cika bakin shago, kowa da 'yar takardarsa a hannu, masu dariya da masu zare ido. Na shiga ƙuryata na ja labule.

"Auta, an gyara. Yau ki yi shirunki."

"Inna kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Mun gwada ya riƙe, amma yau shago ya cika. Ni dai ba ni tashi."

Ta ɗan taɓa labarin ruwan sama, layi biyu, kamar mai saukowa daga mota tana neman ƙasa da ƙafa. Sannan ta tsaya.

Na ɗauki faifai. Minti biyar suka wuce, ɗigonta kore. Amma ɗigon nan ya riga ya yi mini ƙarya, ba ni da sauran abin da zan karanta a cikinsa. Ko tana nan ko an manta da mu, iri ɗaya zan gani. Hannuna ya yi ta son ya kai kan haruffa in rubuta ko da sunanta ne, in ga ko zai tafi. Na riƙe shi. In na rubuta na ɓata shirun da na ce ta yi, na kuma nuna mata ni ma ban yarda da shi ba. Na tsince shinkafar tas, na sake bin ta, ba tsakuwa ko ɗaya. A bayan labule wani ya ga sakamakonsa ya yi kabbara, wata kuma na ji ta fita ba ta ce wa kowa komai ba. Rabin awa ya wuce, awa ta wuce.

Rana na dab da tsaka na ji wayar Sabi'u tana ta kuka. Arzika ne, muryarsa har inda nake. Shafuka sun fara nauyi a Aliero, ɗalibai sun tsaya masa a kai. Jim kaɗan Sabi'u ya zo bakin labule ya yi sallama ƙasa ƙasa. Ya ce wurin ya kusa cika, saura kaɗan. In ya kashe ya kunna, komai zai washe nan take.

Mu biyu mun san abin da hakan ke nufi. In ya kashe, mai gadi zai manta da kowa, har da mu. Khairiyya za ta rubuto, ɗigona ya dushe, a ranar da na ce mata ba ni tashi. Ban roƙe shi ba. Shagonsa ne, kuma mutanen da ke jira ba su yi mini laifin komai ba. Na ci gaba da juya shinkafa.

Ya daɗe a tsaye. Sannan na ji takunsa ya koma, na ji yana gaya wa Arzika ya rufe kwamfutoci biyun bakin ƙofa, waɗanda ake kallon hotuna a kansu, ya rufe su yadda ya kamata, ba ya zare waya ba. Arzika ya hau faɗa, ya ce ranar ciniki ce. Sabi'u ya ce ya ji, ya rufe dai. Ya kira Magaji ya ce mai duba sakamako ya duba ya tashi, ba buɗe wasu shafuka. Shi ma ya tashi mutum biyu a nan Jega, na ji ɗayansu yana cewa an fifita wata tsohuwa a kansu. Bai yi ƙarya ba.

Ban san ko ya isa ba. Daga inda nake ba a ganin lambar da ke nuna cikar wurin, kuma ban leƙa na tambaya ba. Inuwar tagar shago ta janye daga kan ƙafata. Na lissafa, can an yi magariba, ta idar da salla, tana zaune a kan darduma a ɗakin da ba kowa. Sai layi ya sauko.

"Takalmansa suna bakin ƙofa, Inna. Kullum zagaye su nake yi."

Na karanta sau biyu. Na goge garin shinkafa daga yatsuna, na rubuta.

"Bar su nan."

Ba ta ƙara komai ba, ni ma haka. Muka ci gaba da zama. Da ladan ya kira azahar na rubuta mata sallama, tagar ba ta ce layi ya yanke ba. Ta amsa, ta ce in gaida gida, ko da yake ta san ba kowa a gidan.

Da na fito Sabi'u yana ɗakin baya, ya juya wa ƙofa baya, idonsa a kan baƙin allon, rigarsa ta jiƙe. Ban shiga ba. Na ratsa ta cikin baburan na kama hanya, faifai a hannu. A gida na buɗe ƙofa, na zuba shinkafar a tukunya, ta mutum ɗaya, sauran na mai da ita buhu don in sami abin tsinta gobe.